Katakon Jiragen da Suka Nutse: Tarihin Fasahar Tunawa a Tsibirin Lampedusa

Lampedusa ɗan ƙaramin tsibiri ne mai duwatsu a tsakiyar Bahar Rum, wanda girmansa bai wuce murabba'in kilomita 20 da 'yan kai ba, kuma mazaunansa na dindindin kimanin mutum 6,000 ne. A tsarin mulki yana ƙarƙashin yankin Sisili na ƙasar Italiya, amma tsakaninsa da Sisili kilomita 205 ne, alhali tsakaninsa da gaɓar Tunisiya kilomita 113 ne kacal, kuma masana ilimin ƙasa suna lissafa shi cikin doron nahiyar Afirka da ya miƙe ƙarƙashin ruwa. Wannan zama nasa tsakanin nahiyoyi biyu shi ya sa ya zama tudun farko da jiragen 'yan ci-rani masu tasowa daga Libiya da Tunisiya suke hanƙoron kaiwa, shi ne kuma ya sa teku take ajiye masa abin da ya rage na waɗanda ba su kai ba. Daga waɗannan tarkace, wato katakon kwale-kwale da takalma da tukwane da littattafan addini, aka samu wata al'ada ta fasaha wadda ta bunƙasa tun daga shekarar 2008, kuma tarihinta ya nuna cewa ƙarfin irin wannan aiki yana tattare ne da wurin da aka ajiye shi da kuma mutanen da yake magana a kansu.

Irin fasahar da ake magana a kanta ita ce wadda za a iya kira girkakkiyar fasaha, wato aikin da ba a rataya shi a bango kamar zane, ba a kuma ɗora shi a kan teburi kamar gunki, sai dai a harhaɗa abubuwa a girke su a wani fili ko ɗaki, mai kallo ya shiga cikinsu ko ya kewaya su da ƙafarsa. Idan aka ce aikin ɗaure yake da wurinsa, ana nufin an ƙirƙire shi ne domin wannan wuri takamaimai, har ya zama tarihin wurin da iskarsa da abin da ido yake hangowa daga nan duk suna cikin ma'anar aikin, ta yadda ɗauke shi zuwa wani wuri yana canza abin da yake faɗa. Masu fasaha na Turai da Amurka ne suka yayata wannan salo tun daga shekarun 1960, amma a Lampedusa ya haɗu da wata tsohuwar ɗabi'a ta tsibirin wadda ta girme shi da ɗaruruwan shekaru.

A wani kwari da ake kira Cala Madonna akwai kogon da matafiyan Turai na ƙarni na 16 zuwa na 18 suka yawaita bayaninsa a rubuce-rubucensu. A wancan zamani tsibirin kusan babu kowa a cikinsa, domin jiragen yaƙi da na fashin teku na Kiristoci da na Musulmi suna kai-komo a yankin suna kama mutane suna bautar da su, amma duk ɓangarorin biyu suna yada zango a nan su ɗebi ruwa su fake wa guguwa. Kogon ya kasu biyu: gefe guda akwai hoton Maryama mahaifiyar Annabi Isa, ɗaya gefen kuma akwai kabarin wani waliyyi Musulmi, kuma matuƙan jirage na kowane addini sukan bar mai na fitila da busasshen burodi da tufafi da kuɗi domin amfanin wanda jirginsa ya fashe ko bawan da ya tsere. An yi imani cewa duk wanda ya ɗauki abin da ya fi buƙatarsa ba zai samu iskar da za ta fitar da jirginsa daga tsibirin ba har sai ya mayar. Labarin wannan wuri ya yi nisa har ya ƙetare Tekun Atalantika, inda wata ƙungiyar bayi baƙar fata a birnin Rio de Janeiro na Brazil ta gina majami'a a ƙarni na 18 da sunan Maryama ta Lampedusa. Abin lura a nan shi ne cewa tun kafin a san da wani salon fasaha, tsibirin ya saba da ajiye kaya a wani keɓaɓɓen wuri domin baƙon da ba a san sunansa ko addininsa ba.

Zaman dindindin na zamani ya fara ne a ranar 22 ga Satumba 1843, lokacin da wani hafsan sojan ruwa mai suna Bernardo Sanvisente ya sauka da mutum kusan 120 bisa umarnin Sarki Ferdinando na Biyu, mai mulkin Napoli da Sisili. Sababbin mazaunan sun sare itatuwan tsibirin suna yin gawayi har ƙasar ta zaizaye ta koma fako, daga nan suka juya ga kamun kifi da tsamo soson teku, sana'ar da ta haɗa su da masuntan Tunisiya da na Girka. Gwamnatin Italiya ta mayar da tsibirin wurin tsare fursunoni a shekarar 1872, sojojin ƙawance na Yaƙin Duniya na Biyu suka karɓe shi a watan Yuni na 1943, sannan a watan Afrilu na 1986 Libiya ta harbo makamai masu linzami guda biyu zuwa wata tashar Amurka da ke tsibirin, suka faɗa cikin ruwa. Wannan hari, da yadda jaridu suka yayata shi, ya sa mutanen Italiya da yawa suka san da tsibirin, kuma yawon buɗe ido ya bunƙasa bayansa.

Sauyin da ya mayar da Lampedusa kan iyaka ya zo ne a shekarun 1990, sa'ad da Italiya ta shiga yarjejeniyar Schengen, wadda ta buɗe iyakokin ƙasashen Turai a tsakaninsu ta kuma tsananta na waje, aka wajabta biza a kan mutanen Arewacin Afirka waɗanda a da suke shiga ci-rani su koma gida ba tare da wahala ba. Da hanyar halal ta ƙuntata sai ta ruwa ta buɗe, masu fasa-ƙwaurin mutane suka riƙa sayen tsofaffin jiragen masunta na katako suna cika su maƙil. Dokar Italiya tana ɗaukar kowane irin wannan jirgi a matsayin kayan shaidar laifi, don haka hukuma takan ƙwace shi ta ajiye har ranar da za a farfasa shi a matsayin shara. Haka aka samu filin da mutanen gari suke kira maƙabartar jirage, inda kwale-kwale masu shuɗin fenti da rubutun Larabci a goshinsu, galibi sunan jirgin ko addu'ar neman tsari, suke jibge a kan juna a kusa da tashar ruwa. Wannan fili, wanda gobara ta cinye wani sashensa fiye da sau ɗaya, shi ne ya zama rumbun da masu fasaha suke ɗibar kayan aiki.

Aiki na farko da ya yi suna shi ne Ƙofar Turai, wadda Mimmo Paladino ya ƙera aka kuma buɗe a ranar 28 ga Yuni 2008 bisa ɗawainiyar ƙungiyar agaji ta Amani da marubuci Arnoldo Mosca Mondadori. Ƙofa ce mai tsayin kusan mita 5 da faɗin mita 3, an yi ta da gasasshen yumɓu da ƙarfe, an kafa ta a kan duwatsun kudu maso gabashin tsibirin, babu bango a damanta ko hagunta, babu kuma ƙyaure. A jikinta an manna siffofin takalma da kwanuka da huluna da tafin hannu, irin abubuwan da ake tsinta a gaɓa bayan haɗari. Ko da yake ba da tarkacen jirgi aka yi ta ba, teku tana cikin ginin aikin ta hanyoyi biyu: wanda ya tsaya ta gefen tudu ya leƙa ta cikinta ruwa kawai zai gani har zuwa inda Afirka take, sannan iska mai gishiri tana cin yumɓun da ƙarfen a hankali har sai da aka yi mata gyara bayan shekaru goma da 'yan kai. Da za a kai wannan ƙofa dandalin wani birni da ta zama ado kawai, domin tambayar da take yi, wato ko shiga ake yi ta nan ko tarewa, ba ta da nauyi sai a wurin da jiragen suke wucewa.

A cikin waɗannan shekaru wani mawaƙi kuma mai fasaha ɗan tsibirin, Giacomo Sferlazzo, ya fara tsintar kaya daga maƙabartar jirage da juji, kuma a shekarar 2009 shi da abokansa suka kafa ƙungiyar Askavusa a cikin zanga-zangar ƙin amincewa da buɗe cibiyar tsare baƙi da korarsu. Abubuwan da suka tara sun haɗa da Alƙur'anai da Littattafai Masu Tsarki da ruwa ya kumbura, butocin shayi, kaset-kaset na waƙa, wasiƙu da hotuna da aka naɗe cikin leda, gwangwanayen abinci da kwalaben shayar da jarirai. Da farko sun yi niyyar kafa gidan tarihi na ƙaura tare da masana masu tsara kaya da lamba da bayani, amma daga baya suka janye, suka buɗe nasu wurin da suka kira Porto M, inda aka jera kayan a kan katakon jirage, takalma kuma aka rataye su daga rufi, ba tare da rubuta bayani a ƙarƙashin ko ɗaya ba. Hujjarsu ita ce ba su da ikon yin magana da yawun masu kayan, kuma mayar da wahalar mutane abin kallo a cikin gilashi yana iya sa mai ziyara ya ji tausayi ya tafi ba tare da ya tambayi dokoki da yaƙe-yaƙe da cinikin makamai da suka jefa mutanen cikin ruwa ba. Wannan matsayi ya raba su da hukumomi, musamman bayan da aka buɗe gidan tarihi na gwamnati a tsibirin a shekarar 2016.

Hanya ta uku, bayan ta Paladino da ta Askavusa, ta fito ne daga shagon kafinta. Francesco Tuccio, mai aikin katako a garin, ya riƙa tsinto ɓallin jirage a gaɓa yana haɗa biyu-biyu ya yi gicciye, ba ya goge fentin ba ya kuma toshe ramukan ƙusoshi, yana bai wa waɗanda suka tsira, musamman Kiristocin Eritiriya da Habasha, yana kuma aika wa majami'u. Sunansa ya fita duniya a ranar 8 ga Yuli 2013, lokacin da Fafaroma Francis ya zaɓi Lampedusa ta zama wurin ziyararsa ta farko a wajen birnin Rum. An yi bagaden addu'ar da ƙaramin kwale-kwale, sandar Fafaroma da ƙoƙon ibada kuma Tuccio ne ya sassaƙa su daga katakon jiragen 'yan ci-rani, kuma a jawabinsa Fafaroma ya zargi duniya da sabawa da halin ko-in-kula, ya kuma yi wa baƙi Musulmi fatan alheri domin azumin Ramadan da ke kamawa. Wata uku bayan haka, a ranar 3 ga Oktoba 2013, wani jirgi da ya taso daga Misrata ta Libiya ya kama da wuta ya kife a kusa da gaɓar tsibirin, mutum 368 suka rasu, akasarinsu 'yan Eritiriya, 155 suka tsira. Italiya ta ƙaddamar da aikin ceto na sojan ruwa mai suna Mare Nostrum, wanda ya yi shekara guda, daga baya kuma ta ayyana 3 ga Oktoba a matsayin ranar tunawa ta ƙasa. A shekarar 2015 babban gidan tarihin Birtaniya da ke Landan ya karɓi ɗaya daga cikin gicciyen Tuccio ya sa shi cikin taskarsa.

Gicciyen ya zo da tasa matsalar, domin da yawa daga cikin waɗanda suka hau waɗannan jirage Musulmi ne, kuma katakon da suka riƙe a sa'arsu ta ƙarshe ya koma alamar wani addini. Irin wannan muhawara ta taso a maƙabartar garin, inda aka binne gawawwakin da ba a san sunansu ba aka kafa musu gicciye saboda shi ne alamar girmamawa da mai kula da wurin ya sani, kuma a cikin kaburburan akwai na wata matashiya 'yar Najeriya da ta rasu a watan Afrilu na 2009, lokacin da Italiya da Malta suka yi kwanaki suna jayayya a kan wadda za ta karɓi mutanen da jirgin dakon kaya na Pinar ya ceto. Masu kare aikin suna cewa niyyar karramawa ce, masu suka kuma suna cewa karramawar da ba ta tambayi mamaci ko danginsa ba tana iya shafe shi karo na biyu. Tsohon kogon Cala Madonna ya warware irin wannan matsala ta hanyar ba kowane addini gefensa a ƙarƙashin rufi ɗaya, abin da fasahar zamani ba koyaushe take iya yi ba.

Muhawarar ta kai ƙololuwa a kan jirgin da ya nutse a daren 18 ga Afrilu 2015 tsakanin Libiya da Lampedusa, bayan ya yi karo da jirgin dakon kaya na King Jacob da ya zo ceto. Mutum 28 ne kawai suka tsira, kuma ƙiyasin waɗanda suka mutu ya kama daga 800 zuwa 1,100, da yawansu matasa ne daga Mali da Senegal da Gambiya da Muritaniya da sauran ƙasashen Afirka. A shekarar 2016 sojojin ruwan Italiya suka ɗago jirgin daga zurfin mita 370 a kan kuɗi Yuro miliyan 9.5, aka kai shi sansanin Melilli kusa da garin Augusta a Sisili, inda likitar binciken gawa Cristina Cattaneo ta Jami'ar Milan da tawagarta suka yi aikin tantance mamatan. A cikin abin da suka samu akwai takardar sakamakon jarrabawar makaranta da aka ɗinke a cikin rigar wani yaro ɗan Mali mai kimanin shekara 14. A shekarar 2019 mai fasaha ɗan Suwizalan, Christoph Büchel, ya kai gangar jirgin babban bajekolin fasaha na birnin Venice da ake yi duk bayan shekara biyu, ya girke ta a bakin ruwa da sunan Barca Nostra, wato jirginmu, ba tare da wani allon bayani ba. Wurin yana daura da shagon shan shayi, masu yawon kallo suna wucewa suna ɗaukar hoto, wasunsu ba su ma san cewa kabarin ɗaruruwan mutane suke kallo ba. Masu goyon baya sun ce gani ya kori ji, kuma wannan rashin kula na masu wucewa shi ne ainihin abin da aikin yake tonawa. Masu suka sun ce an ɗauke shaidar mutuwar baƙar fata an kai ta kasuwar masu kuɗi domin ɗaukaka sunan mutum ɗaya. Bayan jinkiri da taƙaddama jirgin ya koma Augusta a watan Afrilu na 2021.

Kwatanta Porto M da Barca Nostra yana bayyana abin da ake nufi da ɗaurewar aiki da wurinsa, domin dukansu biyu sun ƙi rubuta bayani, amma sakamakon ya bambanta. A Lampedusa mai ziyara yana fita daga ɗakin ya ga jirgin masu gadin teku yana sauke mutane a tashar ruwa, don haka tsibirin da kansa shi ne bayanin. A Venice kuwa babu abin da ke kewaye da jirgin da zai faɗi labarinsa. Sauran ayyuka masu irin wannan jigo kowanne ya nemi tasa mafitar. Ai Weiwei na ƙasar Sin ya naɗe ginshiƙan wani babban zauren kiɗa na Berlin da rigunan ceto 14,000 da aka kwaso daga tsibirin Lesbos na Girka a watan Fabrairu na 2016, yana dogara da yawansu da launinsu mai ɗaukar ido. Jason deCaires Taylor ya nutsar da siffar kwale-kwalen roba ɗauke da mutane a ƙarƙashin ruwan Lanzarote, a tsibiran Kanari, ya bar tsirran teku su rufe ta. A gidan yarin Opera da ke Milan kuwa fursunoni sun koyi ƙera goge irin na Turawa daga katakon jiragen Lampedusa, aka kuma kaɗa su a zauren La Scala a watan Fabrairu na 2024, aikin da ya haɗa waɗanda bango ya raba da jama'a da waɗanda teku ta raba da danginsu.

Wannan tarihi ya shafi Najeriya da Nijar kai tsaye. A shekarar 2016, cikin mutum sama da 181,000 da suka isa Italiya ta ruwa, 'yan Najeriya ne suka fi yawa, fiye da 37,000, kuma babbar hanyar mutanen Afirka ta Yamma ta bi ta Agadas da Dirku zuwa Sabha a Libiya, abin da ya sa Nijar ta kafa dokar hana safarar 'yan ci-rani a 2015, wadda aka soke a watan Nuwamba na 2023. Hukumar kula da ƙaura ta duniya ta lissafa fiye da mutum 20,000 da suka mutu ko suka ɓace a tsakiyar Bahar Rum tun daga 2014. Sai dai a watan Oktoban 2013 ɗin nan da Lampedusa ta yi makokinta, an tsinci gawawwakin mutum 92 a hamadar arewacin Nijar kusa da iyakar Aljeriya, akasarinsu mata da yara daga yankin Kance na jihar Damagaram, waɗanda ƙishirwa ta kashe bayan motocinsu sun lalace. Teku tana kai tarkace gaɓar da akwai 'yan jarida da gidajen tarihi da masu fasaha, hamada kuwa ba ta kai komai ko'ina, shi ya sa taswirar abubuwan tunawa ba ta yi daidai da taswirar mace-macen ba.

Abin da shekarun nan suka tabbatar shi ne cewa katakon jirgi ya bambanta da sauran kayan aikin mai fasaha, domin shaida ne kafin ya zama abin sassaƙa, kuma akwai masu haƙƙi a kansa a ɗaya gefen ruwan, waɗanda galibinsu ba za su taɓa samun bizar zuwa ganin abin da aka yi da shi ba. Ayyukan Lampedusa sun yi nasarar sa mutanen Turai su tsaya su dubi abin da ke faruwa a iyakarsu, amma sadarwar ta fi tafiya ta fuska ɗaya, daga gaɓar kudu zuwa zaurukan arewa. Ƙoƙarin da ya juya da ita kudu shi ne na masu binciken gawa da ma'aikatan ƙungiyar agaji ta Red Cross, waɗanda suka bi iyalai a Afirka ta Yamma suna karɓar bayanai da samfurin ƙwayoyin halitta domin a haɗa gawa da sunanta, uwa ta san makomar ɗanta, matar aure ta san matsayin aurenta, magada su raba gado. Da wannan ma'auni ya kamata a auna kowane aikin fasaha da ya ce yana haɗa gaɓoɓin biyu, wato a duba ko wani abu nasa, suna ko labari ko iko a kan yadda za a nuna kayan, ya isa hannun dangin waɗanda suka hau jirgin.